Ɗana Yana Gyara Fanka da Waya, Amma Karatu Ya Gagare Shi, Ga WAEC Ta Ƙarato

Assalamu alaikum Anti. Daga cikin birnin Kano nake rubuto miki, don Allah a sakaya sunana. Ɗana na biyu shekararsa 17, ya shiga ajin ƙarshe na sakandare, amma har yau in aka ce ya karanta shafi guda a bayyane sai gumi ya karyo masa. Yana tsallake layi, yana canza kalma, kalma ɗaya sai ya rubuta ta iri uku a shafi guda. Sau biyu ana maimaita masa aji a firamare. Mun ɗaukar masa malamin lesin har uku, ya sha duka, ya sha rubutu, Hajiyar maigidana ma cewa take hannu aka sa masa. Abin da ke ɗaure min kai, in ƙanwarsa ta karanta masa darasi ya saurara, sai ya yi bayaninsa fiye da ita. A Islamiyya ya haddace izu 12 da ka, amma a buɗe masa Alƙur'ani ya bi da yatsa sai ya hau inda-inda. Kuma babu fanka ko tocila ko wayar da za ta lalace a layinmu ba a kawo masa ba.

Yanzu makaranta ta fara maganar kuɗin WAEC da NECO. Abbansa ya ce ba zai zuba kuɗi a rijiya ba, gara ya kai shi kasuwar waya ya koyi gyara. In ransa ya ɓaci daƙiƙi yake kiransa a gaban ƙannensa. Ƙanina kuma ya ce in kawo kuɗi a yi masa rajista a wata makarantar ƙauye inda ake ba da amsa. Yaron ya daina cin abinci tare da mu. Kwanan nan ya ce min, "Umma, ni dai Allah bai yi ni da ƙwaƙwalwa ba." Tun ranar ban yi barcin kirki ba. In sayar da ɗan kunnena in biya masa, ko in bi maganar Abbansa?

Uwa mai damuwa, Kano

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma duk lokacin da na iso kan maganar da yaron nan ya faɗa miki sai zuciyata ta tsinke. Shekara 17 kacal, har ya yanke wa kansa hukunci. Allah ya sanyaya miki. Amma ki duba, ke da kanki kin kawo shaidun da suka rushe wannan hukunci. Wanda ya riƙe izu 12 a kansa, wanda zai buɗe cikin fanka ya gano inda waya ta tsinke, wanda zai ji darasi sau ɗaya ya mayar da shi da bakinsa, wannan ƙwaƙwalwarsa lafiya lau take. Wuri guda ne abin ya cije, wato tsakanin baƙin da ke kan takarda da sautin da yake wakilta.

Ni ba likita ba ce, kuma ko likita ba zai yanke magana daga wasiƙa ba. Sai dai alamomin da kika lissafa sun yi kama sosai da lalurar da masana ke kira disleksiya, wato wahalar haɗa baƙi. Ki tuna yadda aka koya mana a makarantar allo, babbaƙu tukuna, sannan farfaru, sannan a haɗa su a fitar da kalma. Yawancin yara in sun ɗan jima suna yi, haɗawar takan zame musu jiki har ba sa sanin suna yin ta. Mai wannan lalura kuwa kullum kamar yau ya fara: kowace kalma sai ya tsaya ya kwance ta ya sake ɗaurawa, kafin ya kai ƙarshen jimla ya gaji, farkonta ya zube masa. Shi ya sa in wani ya ɗauke masa nauyin karantawa, fahimtarsa take fitowa fili. Tun 1896 wani likita a Ingila mai suna Pringle Morgan ya rubuta labarin wani yaro ɗan shekara 14, mai kaifin basira, gwanin lissafi, wanda ko sunansa yakan rubuta a karkace, har malaminsa ya ce da da baki kaɗai ake koyarwa, da shi ne zai fi kowa a makarantar. Kin ji kamar ɗanki ake siffantawa. Lalurar ba lalaci ba ce, ba ta da alaƙa da ƙarancin hankali, kuma takan bi jini. Ki yi tunani, a danginku ko dangin Abbansa, babu wani baffa ko kawu mai basirar kasuwa ko aikin hannu da ya gudu daga boko tun yana ƙarami? Sau da yawa akwai.

Wani abin da ya ƙara wa yaranmu nauyi shi ne harshen da ake jarraba su da shi. Rubutun Hausa na boko kusan yadda ka faɗa haka za ka rubuta. Turanci kuwa harafi ɗaya sai ya fito da sauti uku ko huɗu, wani ma a rubuta shi amma ba a furta shi. An daɗe da lura cewa masu wannan lalura a ƙasashen da rubutunsu ke bin furuci, kamar Italiya, ba sa shan wahala irin ta takwarorinsu na Ingila. To ga yaro Bahaushe, ana so ya haɗa baƙi a harshen da ba shi ya sha a nono ba, kuma harshen da rubutunsa ya fi rikici. Ki gwada wani abu a gida, ku biyu, ba idon kowa: ki ba shi ɗan labari da Hausa ya karanta miki, sannan wani da Turanci. Ki lura da bambancin, ki riƙe shi, zai yi amfani a gaban mai bincike.

Binciken nan shi ne aikin farko, kuma ba na jinkiri ba ne. A fara da ido da kunne, domin yara da yawa an yi musu tambarin daƙiƙanci alhali tabarau kawai suke buƙata, ko kuwa ba sa jin malami sosai daga bayan aji. In waɗannan lafiya suke, ki nufi masu ilimin koyar da masu buƙata ta musamman. Kin yi sa'a kina Kano: Jami'ar Bayero tana da sashe guda na wannan fanni, kuma a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano akwai likitocin yara da masana halayyar ɗan Adam da za su iya duba shi ko su tura ku inda ya dace. Ki tafi da littattafansa na aji, da sakamakonsa na shekarun baya, da labarin maimaita ajin nan. Kada ki baro wurin sai da rahoto a rubuce, mai sa hannu da hatimi, wanda ya faɗi abin da aka gani da irin taimakon da yake buƙata a ɗakin jarrabawa. A ƙasar nan kukan uwa ba ya motsa ofis, takarda ce ke motsa shi.

Dalilin gaggawar shi ne, a lokacin rajista ake sanar da hukumar jarrabawa cewa ɗalibi yana da buƙata ta musamman, kuma makaranta ce ke shigar da bayanan. In aka rufe rajista, magana ta yi wuya. Don haka tun kafin rahoton ya fito, ki je ki ga shugaban makarantar da malamin da ke kula da harkar jarrabawa, ki gaya musu kina kan bincike, ki tambaye su ranar rufewa. In rahoton ya samu, ki miƙa kwafi tare da wasiƙar neman ƙarin lokaci da wurin zama marar hayaniya, ki riƙe kwafin wasiƙar da suka sa wa hannu. Zan gaya miki gaskiya, makarantu da yawa makafi da kurame da guragu kaɗai suka sani a matsayin masu buƙata ta musamman, don haka za ki iya cin karo da wanda zai kalle ki ya ce ai ɗanki lafiyarsa ƙalau. Kada ki yi fushi, kada kuma ki juya. Ki roƙe su su rubuta wa ofishin WAEC ko NECO na jiha, in ta kama ki bi takardar da ƙafarki. Ba alfarma kike roƙo ba: dokar hana nuna wariya ga masu nakasa ta 2018, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce ba a tauye wa mai lalura haƙƙin ilimi, kuma akwai hukuma ta ƙasa da aka kafa a 2020 don bin kadin wannan. A wajen JAMB kuwa hanyar ta fi fitowa fili. Tun 2017, zamanin Farfesa Is-haq Oloyede, hukumar ta kafa wani kwamiti na musamman ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola da ke shirya wa makafi jarrabawa a cibiyoyi na daban, Kano na cikinsu, daga baya kuma ta buɗe ƙofa ga masu wasu lalurori, har da disleksiya, su bayyana halinsu lokacin rajista. Jarrabawar da ake amsa tambaya 180 cikin awa biyu a gaban kwamfuta, kin san mai jan ƙafa wajen karatu ba ƙaramin ƙwara za a yi masa ba in bai faɗa ba.

Sai karatun kansa. Tunda kunne ne ƙofar yaron nan, a shigar masa da ilimi ta kunne. Lokacin da nake koyarwa na taɓa samun wata ɗaliba mai irin wannan matsala. Yayarta ce take zama bayan sallar isha'i, ta jingina waya da kofin shayi a kan tabarma, ta karanta darasin ranar a hankali tana ɗauka, inda ya yi tsauri ta fassara da Hausa. Da safe yarinyar tana shara tana saurare, da yamma ta sake ji tana bin littafin da rula a ƙarƙashin layi don kada ido ya zame. Ba ta zama ta ɗaya a aji ba, amma ta daina ɓoye fuska in an yi tambaya. Ƙanwar ɗanki ta riga ta fara wannan aiki, sai dai a tsara shi, kuma a riƙa gode mata, don ita ma yarinya ce mai nata karatun. Yawancin wayoyin zamani suna iya karanta rubutun Turanci da murya, shi da ya san cikin waya zai gano wurin cikin minti biyar. A nemo tambayoyin shekarun baya, a karanta masa, ya amsa da baki tukuna, sannan ya rubuta a taƙaice. Malamin lesin kuma, in za a sake ɗauka, a nemi wanda ya iya koyar da haɗa sauti da harafi daga tushe, minti 20 ko 30 kullum, babu bulala. Uku da aka yi a baya abin da ya gagara a aji suka maimaita masa da ƙarfi, shi ya sa ba a ga canji ba.

Shawarar ƙaninki kuwa, na san ƙauna ce ta sa shi, amma ki ce masa a'a. Satar amsa laifi ne a dokar ƙasa, kuma kowace shekara hukumomin nan suna riƙe sakamakon dubban ɗalibai saboda ita, kuɗi ya tafi, shekara ta tafi. Ko an tsallake, ranar JAMB shi kaɗai zai zauna da kwamfuta. Abin da ya fi damuna ma shi ne saƙon da za a isar wa yaron. Ya ce ba shi da ƙwaƙwalwa, sai kuma uwarsa da kawunsa su biya kuɗi a rubuta masa amsa. Kun sa wa maganarsa hannu ke nan.

Yanzu Abbansa. Kada ki ɗauke shi abokin gaba a wannan lamari. Mutumin da ya biya kuɗin makaranta shekara da shekaru, ya biya malaman lesin uku, yana ganin sakamako iri ɗaya, dole gwiwarsa ta yi sanyi, kuma maza da yawa tsoron makomar ɗansu da faɗa yake fitowa. Sannan rabin maganarsa gaskiya ce: ya ga baiwar hannun ɗansa, yana so a bi ta. Inda ya kauce wuri biyu ne, ɗaukar sana'a a matsayin hukuncin wanda ya kasa, da kuma wannan kalma ta daƙiƙi. Ki same shi lokacin da ya ci ya huta, ba a gaban yara ba, ki fara da yarda da shi kan maganar gyaran waya, sannan ki faɗa masa abin da yaron ya ce miki, kalma da kalma. Ina kyautata zaton bai san zafin ya kai can ba. Ki roƙe shi ya raka ku wurin mai binciken, don abin da zai ji daga bakin masani ya fi shiga fiye da wanda zai ji daga bakinki. In akwai wani yayansa ko malaminsa da yake jin nauyi, a sa shi a ciki. A tuna masa hadisin Nana A'isha da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa mai karanta Alƙur'ani yana inda-inda, yana shan wahala a kansa, lada biyu gare shi. Wanda addini ya ninka wa lada saboda wahalar karatu, bai kamata gidansu ya zama wurin da ake muzanta shi saboda ita ba. Hajiya kuma ba sai an yi jayayya da ita ba. A ce mata ta ci gaba da yi wa jikanta addu'a, ku kuma ku je asibiti, biyun ba sa karo.

Game da ɗan kunnenki, ki dakata tukuna. Ba dole ne a biya WAEC da NECO a shekara guda ba. Abin da yawanci ake nema kiredit biyar ne, har da Turanci da Lissafi, kuma makarantun gaba da sakandare da yawa suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗe, in ban da wasu kwasa-kwasai masu tsauri irin likitanci. Ga kuma jarrabawar masu zaman kansu da hukumomin biyu ke shiryawa ga wanda ya riga ya gama makaranta. Ma'ana, zai iya zama ɗaya bana, ya kwashi abin da ya samu, baɗi ya koma ya cike gurbin da ya rage, wanda wataƙila Turanci ne. Ki zauna da malaminsa a duba darussan da aka zaɓar masa: Hausa, da darasin addini wanda haddarsa za ta taimaka masa, da darasin sana'a, tunda gyaran waya ma yana cikin waɗanda ake rubutawa. In kika je wa Abbansa da lissafin jarrabawa ɗaya da rahoton masani a hannu, ina ganin zai sassauto. In ya ƙi, a lokacin ne za ki auna maganar ɗan kunnen, kuma ki yi da saninsa, kada abin ya zama wani sabon rikici a tsakaninku.

Ni a ganina ba sai an zaɓi ɗaya an yar da ɗaya ba. Ya fara zuwa wurin gyara Asabar da Lahadi da lokacin hutu tun yanzu, a kasuwar waya ta Farm Centre ko wurin wani amintacce a unguwa, Abbansa ya zaɓo maigidan da kansa, mai haƙuri da tsoron Allah, a yi magana a fili kan abin da za a koya masa da tsawon lokacin. Yaron da ya shafe fiye da shekara goma yana jin shi ne na baya yana buƙatar wurin da za a ce masa "sannu da aiki" da gaske. Sau da yawa wannan ne ke dawo wa yaro da ƙarfin zuciyar komawa kan littafi. Sana'ar ma tana da takardunta da matakanta. Akwai NABTEB, hukumar jarrabawar fasaha da kasuwanci da aka kafa a 1992, wadda takardarta ake shiga kwalejin kimiyya da fasaha da ita. Akwai gwajin sana'a na ma'aikatar ƙwadago ta tarayya mai mataki uku. Hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha da ke Kaduna kuma tana da tsarin ba da shaidar ƙwarewa ga wanda ya koyi aiki a hannun maigida, a duba abin da hannunsa ya iya a ba shi takarda. Mai basirar lantarki a yau, ga aikin haɗa sola da ya bazu gidaje da shaguna da masallatai da gonaki, ga wayarin ɗin gida, ga gyaran inbata da na'urorin asibiti. In kuma zuciyarsa na son difloma a fannin lantarki, ko jami'a ma, kada kowa ya rufe masa ƙofa. Carol Greider, Ba'amurkiyar da ta samu kyautar Nobel a fannin likitanci a 2009, da wannan lalura ta taso, kuma ta sha faɗi cewa jarrabawar shiga manyan makarantu ta wahalar da ita. Ban kawo ta don in ɗora wa ɗanki wani sabon kaya ba, sai don ki san lalurar ba ta yanke wa mutum iyakar inda zai kai. Abu guda dai, ko wace hanya ya bi, kada a daina koya masa karatu. Mai shago yana buƙatar karanta saƙon banki, da rasit, da yarjejeniyar haya, don kada a cuce shi.

Duk wannan tsari da muke yi, ba mu ji ta bakin mai abin ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ki tambaye shi me yake so, me ya fi ba shi tsoro a jarrabawar, wane darasi yake jin zai iya. Kuma ki sa masa ido sosai a kwanakin nan, don janyewar da ya yi daga cin abinci da ku ba ƙaramin abu ba ne. Yaron da ya fid da rai daga kansa shi ne abokan banza da masu ƙwaya ke saurin samu. In kika ga barci ya ƙaurace masa, ko yana ramewa, ko ya fara maganar gara ma ba ya duniya, kada ki jira komai, ki kai shi wurin likita a ranar.

Daren yau ki ɗauki abincinki ki same shi inda yake zama, ku ci tare. Ki ce masa kin yi tambaya, an gaya miki abin da ke damunsa yana da suna, mutane da yawa suna da shi, kuma za ku je a duba. Ki ce masa kin yi nadamar dukan da ya sha a kan abin da ba laifinsa ba. Gobe da safe ki je makarantar ki samo ranar rufe rajista. In kun dawo daga wurin binciken, ki sake rubuto min abin da suka ce, mu duba wasiƙar da za a kai wa shugaban makarantar tare. Ki gaishe min da shi, Allah ya yi masa albarka.